Ko Tilas Ne Maigida Ya Karɓi Mita Mai Kai Rahoto?

Ina so in yi magana bisa wani abu da ya shafi aljihun kowa a kwalejin nan, tun daga ɗalibin da ke haya a cikin gari har malaman da ke zaune a gidajen ma'aikata. Abin nan shi ne mitar wutar lantarki, musamman sabuwar nan da a ke ta yi mana albishir da ita, wadda Turawa ke yi wa kirari da mai wayo. Tambaya biyu ce a kanta. Ko tilas ne maigida ya karɓe ta in an kawo masa? In kuwa ya karɓa, wa ya fi cin moriyarta, shi ko kamfani?

Kafin mu shiga gardama ya kamata mu rarrabe, gama na lura da yawa daga cikinmu suna haɗa iri uku su kira su da suna ɗaya. Ta fari ita ce ta zamanin iyayenmu, mai faifai yana juyawa bayan gilashi, wadda sai ma'aikaci ya zo da littafinsa ya karanta ta a ƙarshen wata. Ta biyu ita ce mitar kati: ka sayi wuta tukuna, a ba ka lambobi 20 ka danna, ran da suka ƙare ɗaki ya yi duhu. Ta uku ita ce sabuwar. A fuska ta yi kama da mitar kati, amma a cikinta akwai abin da ke magana da ofishin kamfani ta layin wayar salula ko ta rediyo. Ba ta jiran kowa ya zo. Ita da kanta ke aika labarin yawan wutar da aka sha, a Ingila ma har kowane rabin sa'a. In an taɓa ta da nufin sata, sai ta faɗa. Abin da ya fi duka nauyi kuwa, mutum yana zaune a kujerarsa a ofis yana iya yanke wutar gidanka, ko ya mayar, ko ya sake yadda a ke lissafa maka kuɗi, bai ko taka ƙofar gidanka ba. Saboda haka ni mai kai rahoto zan riƙa kiranta, don shi ne aikinta.

A ƙasashen Turai, inda aka fara wannan gardama, bakinsu bai zama ɗaya ba. Mutanen Italiya suka riga kowa: tsakanin 2001 da 2006 kamfanin Enel ya kafa wajen miliyan 30, kusan kowane gida ke nan. A Faransa aka fara kafa wata mai suna Linky a ƙarshen 2015, aka ce mita ba kayan maigida ba ce, don haka ba shi da ta cewa. Wanda ya kulle ƙofarsa ba a fasa masa gida, amma daga 2025 an ɗora wa masu ƙi ƙarin kuɗi. A Holan Gwamnati ta kawo doka wadda ta ce wanda ya ƙi za a ci shi tara ko a ɗaure shi, sai majalisar dattawansu ta ƙi amincewa a 2009. Dalilinsu shi ne, wanda ya ga rahoton mitarka ya san lokacin da ka kan tashi, da lokacin da ka kan kwanta, da ranar da ka yi tafiya ka bar gida ba kowa. Aka sake dokar, aka ba mutum ikon ƙi. A Ingila kuwa kamfanoni aka ɗora wa nauyin yin tayi, maigida in ya so ya karɓa, in bai so ba ya bari. An yi nufin a gama aikin a 2020, amma shekarar ta zo ta wuce ba a gama ba.

To, mutumin ƙasar nan in ya karanta wannan sai ya yi dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Su suna faɗa a kan ikon ƙin mita, mu kuwa muna bin layi muna roƙo a ba mu. NEPA ta yi zamaninta tun 1972, ta koma PHCN a 2005, sa'an nan ran 1 ga Nuwamba 2013 aka fara miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni 11, da alkawarin za su wadata mutane da mita. Bayan shekara goma sha ɗaya, watau a 2024, lissafin hukumar NERC mai kula da sha'anin lantarki ya nuna masu shan wuta da ke cikin rajista sun haura miliyan 13, waɗanda ke da mita kuwa ba su kai rabi ba. Sauran duka kuɗin kintace su ke biya.

Wannan kintace shi ne cinikin biri a sama. Ku duba, 'yan'uwa: ka tafi kasuwa awon dawa, mai hatsi ya ce yau ba shi da mudu, amma zai dubi girman gidanka da tsawon rigarka ya gaya maka nawa za ka biya. Wa zai yarda da wannan? Ko Sarkin Kasuwa na ƙauye ba zai bar irin wannan ɗan kasuwa ya kai la'asar a rumfarsa ba. Amma a kan wuta mun yi shekaru muna yarda, don ba mu da wata rumfar da za mu koma. Ita hukuma ta san da haka. A watan Fabrairu na 2020 ta yanke iyakar abin da za a iya kintata wa wanda ba shi da mita, a watan Fabrairu na 2024 kuma ta ci kamfanonin nan 11 tarar naira biliyan 10.5 saboda sun ƙetare iyakar. Duka goma sha ɗayan, ba a sami ko ɗaya mai tsabta ba.

Tun da ya ke mu masu koyon aikin malanta ne, bari mu ɗauki alli mu yi lissafi irin na 'yan aji shida. Yunit ɗaya shi ne wutar da dutsen guga mai wat 1,000 zai sha cikin sa'a guda. Ɗauki ɗakin ɗalibi. Ƙwai uku masu wat 10, sa'a biyar, 150 ke nan. Fanka mai wat 60, sa'a takwas, 480. Talabijin mai wat 60, sa'a huɗu, 240. Cajin waya da ƙaramar kwamfuta, mu ce 130. In an tara duka 1,000, watau yunit ɗaya a rana, 30 a wata. Farashi mafi tsada da aka yanka a watan Afrilu na 2024, na unguwannin rukunin A, naira 225 ne kowane yunit. 30 sau 225, naira 6,750. Wannan fa in wuta ta zo kullum ke nan ba fashi. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa bara na kama ɗaki a wani gidan haya mai ɗakuna tara, ba mita. Unguwar ba ta cikin rukunin A, ran da wuta ta yi sa'a shida kuwa sai mu ce yau an yi mana alheri. Duk da haka rabon da a ke yanka mini kowane wata ya fi abin da lissafin nan ya bayar. Na sa wa 'yan ajina wannan lissafi a kan allo, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to sauran kuɗin na mene ne?" Na ce masa wannan tambaya ta fi ƙarfin ajinmu.

Saboda haka amsata ga tambaya ta fari ita ce, i, awo tilas ne. Ban ga yadda mutum zai ce yana da ikon shan wuta ba tare da ma'auni ba. Kuma mu faɗi gaskiya a kanmu, gama ba dukan masu gudun mita ne talakawa abin tausayi ba. Akwai mai hita da murhun lantarki da firiji biyu, wanda kintace ya fi masa sauƙi, don maƙwabcinsa mai ƙwai ɗaya shi ke ɗauke masa kaya. Akwai wanda an kafa masa mitar, da dare ya kira yaro mai filaya ya zagaye ta da waya. Wannan sata ce, ko da wanda ya yi ta yana sahun gaba a masallaci ko a majami'a, kuma abin da ya sata a kan jama'ar unguwa a ke rarraba shi. Irin wannan mutum in ya ce mita mai kai rahoto za ta tona masa asiri, ni ba ni da hawayen da zan zubar masa.

Amma tilas ɗin nan a wuyan wa ya kamata ya rataya? A nan ne na rabu da masu yi mana albishir. Mahauci shi ke sayen sikelinsa, mai gidan mai shi ke kafa famfonsa, ba a taɓa ce wa mai mota ya kawo kuɗin famfo kafin a zuba masa mai ba. Mita ma'aunin mai sayarwa ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi kamfani a 2013 ya karɓe shi da nauyinsa. Amma ku dubi yadda aka yi ta juya mu. A 2013 aka fito da tsarin ka biya tukuna a riƙa mayar maka kaɗan kaɗan, aka dakatar da shi a 2016. A 2018 aka kawo 'yan kwangila masu sayar da mita. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta fara rabon kyauta da kuɗin Babban Banki, kashin farko wajen miliyan ɗaya, wanda bai kai ko'ina ba in an gwada da masu jira. A watan Satumba na 2023 farashin ƙaramar mita da hukuma ta amince da shi ya kai naira 81,975, alhali mafi ƙanƙantar albashi a lokacin naira 30,000 ne. Watau masinja ko mai shara a kwalejin nan sai ya tara albashin kusan wata uku bai ci bai sha ba kafin ya sayi abin da za a auna shi da shi. An ce za a mayar masa da kuɗinsa ta hanyar yunit. Ko an mayar ɗin, ma'anarsa ita ce talaka ya ranta wa kamfani kuɗi ba ruwa.

Yanzu ga tambaya ta biyu, wa ke cin moriya. Kada mu ruɗi kanmu, babban rabo na kamfani ne. Ya huta da albashin masu yawon karatun mita. In ta kati ce, kuɗinsa na shiga aljihunsa tun kafin ya ba da wutar, ba mai cin bashinsa. Ɓarawo kuma ba ya ɓuya. Ba ni kaɗai na faɗa ba. A Faransa kotun da ke binciken kuɗin Gwamnati ta duba sha'anin Linky a 2018, ta ce tsarin ya yi wa masu shan wuta tsada, kamfanin Enedis kuwa ya yi masa daɗi. A Ingila an ƙiyasta aikin zai ci fam biliyan 11 ko fiye, kuma ba daga aljihun kamfanoni ya fito ba, a cikin takardar kuɗin wuta ta kowane gida aka ɓoye shi, har da gidan wanda ya ƙi karɓa. Wannan shi ne abin da su ke kira kyauta. A ƙarshen 2023 kuma kusan miliyan 4 daga cikin mitocin nan nasu sun daina magana da ofis, sun koma kurame kamar na da. In haka ta faru a ƙasar da layin waya ya game ko'ina, sai mu yi tunanin ƙauyukan da mu ke zuwa koyarwa, inda sai an hau tudu a ke samun layi.

Maigida ma yana da nasa rabo, ban hana ba. Abin da ya sha shi zai biya. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kai wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, mai mita bai yi asarar ko kwabo ba, yunit ɗinsa na nan yana jiransa. Wanda ba shi da ita kuwa sai ya dogara ga adalcin mai rubuta takarda. Kuma ya huta da masu tsani, waɗanda kan tsaya a gindin turke suna jira a zo a gaisa da su.

Amma akwai wata moriya da ta fi waɗannan, wadda ba na jin masu talla suna ambatonta, kuma ina tsammani na san dalili. Mitar da ta iya kai rahotona ga kamfani ta iya kai rahoton kamfani gare ni. Tun 2020 aka rarraba mu rukuni rukuni: A an yi musu alkawarin sa'a 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4, kowane da farashinsa. Mutanen rukunin A a 2024 aka ɗaga musu daga ƙasa da naira 70 zuwa 225, ninki uku da ɗori, bisa sharaɗin sa'a 20 ɗin nan. To, wa ke ƙidaya sa'o'in? Maigida ba zai kwana da agogo a hannu ba. Amma mita mai kai rahoto ta san minti da aka ɗauke wuta da minti da aka dawo da ita, ba ta mantuwa, ba ta karɓar goro. In da doka za ta ce a ƙarshen kowane wata a aiko wa maigida wannan lissafi a wayarsa, kuma in sa'o'in ba su cika ba mitar da kanta ta sauke farashin, da ni ne na fari a layin karɓa. Muddin rahoton hanya ɗaya ya ke bi, daga ɗakina zuwa ofis, to ɗan leƙen asiri aka ajiye mini a bango, kuma ni na biya kuɗin motarsa.

Sauran abin tsoro shi ne yankan wuta daga nesa, kuma a nan ya kamata mu shafa wa gemunmu ruwa, gama na Ingila ya riga ya kama wuta. A watan Fabrairu na 2023 jaridar The Times ta tona yadda masu karɓar bashi da ke yi wa British Gas aiki su ke shiga gidajen mutane da takardar kotu, har da gidajen marasa lafiya da masu ƙananan yara, su kafa musu mitar kati da ƙarfi a tsakiyar sanyi. Waɗanda ke da mita mai kai rahoto kuwa ba a ma bukaci buɗe ƙofarsu ba, daga ofis a ke juya su zuwa tsarin kati. Da ƙasa ta ɗauki kuka, hukumarsu mai suna Ofgem ta tsayar da abin, kafin shekarar ta ƙare kuma ta kafa ƙa'ida: sai an nemi mutum sau goma tukuna, kuma an hana yin haka ga tsofaffi masu shekara 75 da ba su da mai taimako, da gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyu, da wanda ransa ya dogara ga na'urar asibiti. Mu ma a takarda muna da haƙƙin a ba mu sanarwa a rubuce kafin a yanke mana wuta. Amma mai tsani, duk da halinsa, mutum ne. Ana iya ce masa, "Baba, yi haƙuri, akwai mai jego a ciki," ko a nuna masa maganin ciwon sukari da ke cikin firiji. Maɓalli a ofis ba ya jin wannan.

Akwai kuma tsohon bashi. Sau da yawa in an kafa mita sai a loda mata bashin kintace na shekarun baya, ka sayi wuta a zaftare wani kashi kafin a ba ka saura. Ɗan haya sabon shiga ya kan iske kansa yana biyan abin da wani ya sha, ko ma abin da ba wanda ya sha, tun da kintace ne. Ba zan daɗe a kan gidajen haya ba, ko da ya ke nan ne yawancinmu mu ke: mita ɗaya ga ɗaki tara, komai wayonta, ba ta san wanda ya kunna hita da asuba ba, faɗan tsakar gida yana nan sai kowane ɗaki ya sami tasa.

Don haka ga inda na tsaya. Maigida ba shi da ikon ƙin awo. Amma yana da ikon ya ƙi biyan kuɗin ma'aunin, ya ƙi wadda ba ta ɗauke da hatimin hukumar NEMSA mai gwajin mita, ya ƙi bashin da ba shi ya ci ba, ya ƙi a yanke masa wuta ba sanarwa. Labarin shigarsa da fitarsa kuma kada a tara fiye da abin da lissafin kuɗi ke bukata, kada a sayar wa kowa. Muna da dokar kare bayanan mutane tun 2023, sai a yi aiki da ita a nan. A da duk wannan magana sai an kai ta Abuja. Amma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi iko su riƙe kasuwar wutarsu, Enugu da Ondo da Ekiti suka fara karɓa a 2024, waɗansu suka biyo baya. Ɗan majalisar jiha kuwa ba shi da nisa, muna haɗuwa da shi a wajen biki da jana'iza.

Ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara, zangon karatu mai zuwa ta roƙi duk masu haya a gari su ajiye takardun kuɗin wutarsu na wata uku, kowane gida kuma a sami mutum ɗaya mai rubuta lokacin zuwan wuta da ɗaukewarta a littafin aiki. 'Yan sashen lissafi su tara, su gwada da iyakar da hukuma ta yanke wa unguwar. In an ga ƙari, hanyar ƙara a shimfiɗe ta ke: a fara da ofishin koke-koke na kamfani, a rubuce, a riƙe kwafi, in ba a sami biyan bukata ba a wuce zauren sauraron ƙara na hukuma. Ni na ɗauki nauyin gidan da na ke ciki da gidaje biyu na kusa da shi, mai son a haɗa da nasa ya same ni a ɗakin karatu bayan cin abincin dare.